Wa ta taɓa ganin ɗinkin boutis na Faransa ido da ido?

Maman 'yan biyu:
Salam 'yan uwa. Na raka matar yayana baje kolin ɗinki na L'Aiguille en Fête a Paris, ni dai zare kawai naje saya amma wlh sai na maƙale a rumfar wata tsohuwa har aka fara nemana a waya. Farin yadi ne mai laushi ta haɗa biyu, ta zana fure ta bi zanen da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gero, sai ta juya bayan ta dinga cusa zaren auduga mai kauri irin lagwani cikin kowane ganye har ya kumbura. Babu kala ko ɗaya, fari kan fari. Da ta ɗaga shi saitin fitila sai haske ya ratsa inda babu auduga, furen ya fito raɗau. Wa ta taɓa gani? Ku bamu labari.

'Yar Maraɗi a Nîmes:
Ayya Maman 'yan biyu ai gidan abin kika tambaya, aikin kudancin Faransa ne, yankin Provence da Marseille. Kusa da mu akwai wani ɗan gari Calvisson, suna da gidan tarihi na boutis kaɗai. A can naga siket ɗin ciki na amare na da, an cika shi da zanen rumman da zuciya, da wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu wai pétasson, shi ake shimfiɗawa a cinya in za a ɗauki jariri kar ya ɓata wa mutum kaya. Nace oh ni, aikin wata da watanni sai jinjiri ya tsula masa fitsari!

Anti mai keke:
Ni kam na gwada, na sayo ɗan kit ɗinsu na masu koyo. Haɗama ta sa na cusa auduga da yawa sai yadin ya tattare ya zama kamar alkaki, ga huji duk a bayan. Ashe in ka bi a hankali zaren yadin kake buɗawa ba yagawa ba, in an wanke hujin ya rufe da kansa. Sati uku ina abu bai kai tafin hannu ba, idona har ruwa yake.

Bazazzagiya:
To wannan ba lifidin dawakin sarki bane? Shima ai auduga ake cusawa a ɗinke.

'Yar Maraɗi a Nîmes:
Hajiya sun yi kama amma shi lifidi kauri ake nema don kare doki. Su ma Faransawan suna da mai shimfiɗar auduga a tsakani gaba ɗaya, piqué suke ce masa, shi boutis sai an gama ɗinki ake cusawa gurbi gurbi.

Ummu Sultan:
Wadda zata je baje kolin ɗinki na garin Sainte-Marie-aux-Mines a yankin Alsace na Faransa, watan Satumba ake yi, don Allah ta sa takalmi flat. Ba zaure ɗaya bane, an warwatsa kayan a garuruwan kwarin har cikin coci coci, ni da na sa mai tsini da yamma a hannu na riƙo shi. A garin ne 'yan Amish, wata ɗariƙar Kiristoci, suka samo asali a 1693 shi yasa barguna irin nasu suka cika wurin.

Maman 'yan biyu:
Anti mai keke wane yadi kika yi amfani dashi? Ina da ragowar farin boyel, ko zai yi?