Si-Pi-Ar: wane suna za mu ba ta da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Muna shirya horon agajin gaggawa ga 'yan agajin masallacin unguwarmu, sunan Si-Pi-Ar (CPR da Turanci) ne ya tsaya mana a wuya. Ana yin ta ga wanda zuciyarsa ta tsaya, ba ya motsi, ba ya numfashin kirki. Ita aka yi wa ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen a filin wasa na Kwafanhagan ranar 12 ga Yuni 2021, aka haɗa da na'urar girgiza zuciya, ya rayu. Na rubuta "farfaɗo da zuciya da huhu", amma ta yi tsawo. Masana, a taimaka.

Malamar Hausa, Zariya: Wa alaikumus salam. Tsawon ma da sauƙi, Malam. Bahaushe in ya ji "farfaɗo", suma yake tunawa, sai ya ruga neman ruwan da zai yayyafa da mafici. Wani ma kunnensa ya kai shi ga farfaɗiya. Mai suma zuciyarsa na aiki, wannan kuwa ta tsaya.

Ma'aikacin jinya, Maraɗi: Mu a nan "tausar zuciya" muke cewa, don a Faransanci ma da tausa aka kira ta.

Likita, Kano: Ɗan'uwa, da tausar nan ce ban yarda ba. Tausa a hankali ake yin ta, ga kaka mai ciwon baya. Wannan kuwa a kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora gindin tafi a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, a danna ƙirjin babba ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Har haƙarƙari kan karye, ba kuma dalilin dainawa ba ne. Ƙwaƙwalwa na soma lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba. Sunan da zai sa mutum ya tausaya, ya rage ƙarfi, ya cuci marar lafiya.

Ma'aikacin jinya, Maraɗi: Gaskiya ne, Likita. To "numfashin baki-da-baki" fa?

Likita, Kano: Shi ne ma ke korar mutane, musamman in mace ce ta faɗi cikin maza. Wanda aka horar yana danna 30, ya hura 2. Wanda bai iya ba, dannawar kaɗai ta wadatar ga babban da ya yanke jiki ya faɗi, Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta amince da haka tun 2008. Yara da wanda aka tsamo daga ruwa su ne ke matuƙar buƙatar hurawar.

Malamar Hausa, Zariya: To ga tawa: *danna-ƙirji*. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na hana-salla da cika-ciki. Alherinta, suna ce kuma umarni ce. Ka daka tsawa a kasuwa, "danna ƙirji!", ɗan dako ma ya san inda zai sa hannu. Na so "daddanna" don maimaitawar, sai na ga ta fi kama da latsa waya.

Wani ɗan agaji: Hajiya, kar dai a ɗauka dannau ne! Amma tambaya: in mutum na fizgar numfashi, jama'a kan ce gargara ce, a hau laƙƙana masa kalmar shahada.

Likita, Kano: Fizgar nan jefi-jefi alamar tsayawar zuciya ce, ba numfashi ba ce. Wani ya laƙƙana, wani ya kira lambar gaggawa ta 112, kai kana dannawa, in ka gaji wani ya karɓa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. A takardar horo zan sa *danna-ƙirji*, cikakkiyar kuma "danna-ƙirji da hura numfashi". Saura sunan na'urar girgizar, Hajiya, in da hali kafin Asabar.