Haɗin kabeji da tattasai a ruwan khal: zai ajiyu ba firji?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu kayan gwari sun yi araha a kasuwar 'Yankaba ta Kano, kuma maigidana na son haɗin nan mai tsami irin wanda ake ci da shinkafa a Saudiyya. Nakan yanka kabeji da karas da albasa da tattasai ƙanana-ƙanana, in zuba khal da sukari da gishiri. Da gurasa ko gasasshen nama ba a cewa komai. Matsalar, a firji nake ajiyewa, wutar unguwarmu kuwa sai a hankali. Ina so in yi mai yawa ya kai mu damina, lokacin da tattasai ke tsada. In na dafa na zuba da zafinsa a kwalaben mayonis na rufe, ya isa? Sannan yara na cewa tsamin ya yi musu yawa, zan iya sirka khal ɗin da ruwa?

Malama Uwani:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta tayar min da hankali. Kada ki sirka. In tsami ya dame su, ƙara sukari.

Akwai ƙwayar cuta mai suna botulinum da ke zaune a ƙasa, tana biyo karas da albasa har kicin. Tafasa a tukunya ba ya kashe irinta, kuma wurin da ta fi so shi ne rufaffiyar kwalba marar iska. Gubarta tana shanye jiki har ta hana numfashi, kuma ba lallai ki ji wari ko ki ga wani canji ba. Abin da ke hana ta tsiro shi ne tsami, wato idan lambar ma'aunin tsami da ake kira pH, wadda ke raguwa in tsami ya ƙaru, ba ta haura 4.6 ba. Kayan da kika lissafa duk ba su da tsamin kansu, khal ne kaɗai kariyarsu. Ki duba jikin kwalbar khal ɗin, sai kin ga an rubuta ƙarfin tsaminsa 5%. Wanda ake ɗurawa a leda ko gora ba rubutu, ki bar shi.

Ga yadda nake yi. In barbaɗa gishiri a kan yankakkun kayan su kwana, safiya in ɗauraye in matse ruwan sosai, don ruwan nan shi ma sirki ne. In tafasa khal da sukari da kurkur da 'yar citta, in zuba kayan su yi minti 10. In cika kwalabe masu ɗumi, khal ya sha kan kayan, in bar sarari kamar santimita 1 a sama. In goge bakin, in rufe. Sai in shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, in jera su, ruwan zafi ya rufe su da kamar yatsa biyu. Daga lokacin da ya fara tafasa, minti 15 ga kwalbar rabin lita. Zubawa da zafi kawai bai isa ba.

Anti Talatu daga Jos:
Malama ta gama magana. Kada a rage mintunan nan, musamman mu nan da muke kan tsauni, kusan mita 1,200, ruwanmu yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba.

Murfi nake so ki kula da shi. Na roba ba ya kamawa. Nemi murfin ƙarfe mai ɗan tudu a tsakiya, wanda robar cikinsa ba ta lalace ba, sabo ya fi. Washegari ki danna tsakiyar. In ya lotsa ya tsaya, ya kama. In yana ƙas-ƙas, ku cinye wannan a kwanakin nan. Kuma kada ki dafa khal a tukunyar dalma, yana cin ta, haɗin ya yi baƙi. Samira wadda ba ta ɓare ba ta fi.

Maman Iman:
Allah ya saka muku da alheri. Nakan ɗan zuba man gyaɗa da tafarnuwa a sama, shi fa?

Malama Uwani:
Mai kam a'a, sai ranar ci a faranti. Tafarnuwa kaɗan ki dafa ta cikin khal tare da sauran. Ki yi a ƙananan kwalabe, don da an buɗe sai firji ko a cinye da wuri. Ki rubuta kwanan wata, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa, kada ya wuce shekara. Duk wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.