Tiredin tsohon Raleigh ya ƙi karɓar sabon kofi

Assalamu alaikum. Ina da keken Raleigh na tsere, mai firam ɗin ƙarfe, ƙirar Nottingham ta shekarun 1970. Kofin boris na gindin feda ya cinye, ina takawa yana ƙaras-ƙaras.

Na sayo sabo har sau biyu. Kowanne sai ya yi zagaye biyu ya cije. Na wanke ramin da kananzir, na shafa giris, duk a banza. Da na auna, ashe tiredin Raleigh, wato zaren cikin ramin da ake ɗaura kofin, layi 26 ne a kowane inci, na kasuwa kuwa 24. Shagon da muke samun kayansa ya rufe tun rasuwar mai shi, 'ya'yansa sun bar sana'ar.

Ba na son lalata firam ɗin. In aka sake yanka tiredin zuwa 24, zai riƙe kofin?