Dijital da rediyon AM: kowa ya faɗi abin da kunnensa ya ji

Mai sauraron dare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da rana ta faɗi nakan murɗa akwatina a matsakaicin zango, wato AM, ina farautar tashoshin nesa, amma 'yan shekarun nan sai raguwa suke yi, ƙara kuma na ƙaruwa. Wasu na ɗora wa dijital laifi. Ku da kuke ƙasashen da aka fara wannan sauyi, me kuka tarar?

Direban babbar mota: Wa alaikumus salam, Malam. A Amurka nake tuƙi, yawanci cikin dare. Akwai tashar da nake bi don jin halin hanya da yanayi, tana raka ni daga wannan jiha zuwa waccan. Rana ɗaya sai wani shuuu ya zauna a kan muryar mai magana, kamar ana zuba yashi a kan kwano, kuma bai ɗaga ba. Na canza eriya, na duba wayoyi, a banza. Ashe tashar da ke maƙwabtaka da ita a mita ce ta kunna dijital. Ya dame ni ƙwarai, domin muryar nan ce ke hana ni gyangyaɗi.

Mai gyaran rediyo: Yallaɓai direba, akwatinka lafiya lau yake. Tsarin da ake kira HD Radio, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002, yana ɗora saƙon dijital ne a gefe da gefen siginar da aka saba. To tazarar da ke tsakanin tashoshi a can kilohaz 10 ce kacal, don haka gefen naka ya faɗa filin maƙwabci. Da rana abin da sauƙi. Da dare kuwa sararin sama na dawo da siginar AM ƙasa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, shuuu ɗin ma ya bi ta. A 2007 aka ba su damar kunnawa da dare, kuma tashoshi da dama sun kashe shi daga baya da kansu. Amma Malam mai tambaya, kafin ka zargi kowa, cire cajar waya daga soket, ka kashe ƙwan LED da inbata, ka sake saurara. Yawancin akwatunan da ake kawo mini da wannan kuka, ɓarnar daga cikin ɗaki take.

Ɗaliba a Indiya: Baba mai gyara, a nan wani tsarin rediyon dijital mai suna DRM ake amfani da shi, kuma gaskiya na ji daɗinsa. Na saurari All India Radio a cikin mota, murya tas, har sunan tasha na fitowa a allo. Sai dai da muka yi nisa sai ta ɗauke ɗif. Tsohuwar AM ko ta raunana kana tsintar kalma ɗaya-ɗaya ka haɗa labari. Wannan kam ko ka ji duka ko ka ji shiru. Kuma a mota na fi ganinsa. Ƙaramin akwati mai batir da kowa ke iya riƙewa ba ya kama shi.

Mazaunin Jamus: Mu nan rufewa aka yi. Ƙarshen 2015 tashar rediyon ƙasa ta Deutschlandfunk ta kashe matsakaicin zango, aka koma FM da DAB (wani tsarin rediyon dijital) da intanet. Abin da ban zata ba, da manyan tashoshin suka yi shiru sai na fara jin wasu na nesa da a da suke danne.

Direban babbar mota: 'Yar uwa ta Indiya, maganarki ce ke tsorata ni. Tun 2020 an yarje wa tashar AM a nan ta koma dijital zalla in ta so, wato tsohon akwati ba zai ji komai ba sai ƙara. Ga wasu motocin lantarki ana fito da su babu AM sam, wai injin na dagula sigina. Ni da nake ratsa wuraren da waya ba ta da sabis, idan guguwa ta taso, a ina zan ji gargaɗi? Baba mai gyara, akwai eriyar da za ta rage mini shuuu ɗin nan a mota?