Neman shawara: gwajin nomal (ko lambobi sun bazu cikin siffar ƙararrawa) a rukuni huɗu kafin ANOVA (lissafin kwatanta matsakaitan rukunoni)

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kammala digiri ne a kan yawan masarar da aka girbe a rukuni huɗu: NPK, yuriya, kashin shanu, da filayen da ba a sa musu taki ba. Kowane rukuni fili 12 ne. Da na haɗa duka 48 na yi gwajin nomal na Shapiro-Wilk a manhajar lissafi ta SPSS, sai sakamakon gwajin, wato p, ta fito 0.01, ƙasa da ma'aunin 0.05, ke nan sun faɗi gwajin. Da na raba su, uku sun wuce, na kashin shanu ya ba da 0.04. In bar ANOVA ne in koma Kruskal-Wallis, gwajin da ba ya buƙatar lambobi su zama nomal? Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wancan gwaji na farko ki ajiye shi gefe. Idan takin yana aiki, dole matsakaitan rukunonin su bambanta, kin ga in aka zuba su wuri guda sai zanen ya fito da tudu biyu ko uku maimakon siffar ƙararrawa, ko da kowane rukuni lafiyarsa ƙalau. Abin da ANOVA ke so ya zama nomal shi ne ragowa, wato abin da ya rage in an cire matsakaicin rukuni daga amfanin kowane fili. A SPSS ki shiga General Linear Model, Univariate, ki danna Save ki zaɓi Unstandardized a ƙarƙashin Residuals. Zai fito miki da sabon layi mai suna RES_1. Shi za ki kai Explore, ki kunna Normality plots with tests. Gwaji ɗaya ke nan a kan lambobi 48.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan bayanin Malam: kada 0.04 ɗin nan ya tayar miki da hankali. Duk wanda ya yi gwaji huɗu a ma'aunin 0.05, yiwuwar aƙalla ɗaya ya faɗi haka kawai ta kai kashi 18.5 cikin ɗari, ko da babu matsala. Su ma ukun da suka wuce ba shaida ba ce mai ƙarfi, don a lambobi 12 gwajin ba ya ganin karkata sai ta yi muni. Shi ya sa zanen Q-Q, wanda ɗigoginsa ke bin miƙaƙƙen layi in lambobin nomal ne, ya fi amfani. In ɗigo ɗaya ne ya yi nisa da layi, koma takardar gona. Sau da yawa 3.5 ce aka buga 35. In ba kuskure ba ne, kada ki goge. In kuwa wutsiyar dama ce gaba ɗaya ta kauce wa layin saboda manyan lambobi sun yi nisa, gwada logaridim ki sake duba ragowar.

Amsa ta uku: 'Yar uwa, da yake rukunoninki daidai suke, ANOVA na jure ƙaramar karkata. Ki fi sa ido a kan bazuwar rukunonin ta gwajin Levene. In ta bambanta sosai, ki yi Welch, nau'in ANOVA da ba ya buƙatar bazuwa ta zo daidai, ki bi shi da Games-Howell don kwatanta rukunonin bibbiyu. Kruskal-Wallis kuma jerin matsayi yake kwatantawa, ba matsakaicin amfanin gona ba, to tambayarki ta canza ke nan.

Amma kafin komai, yaya aka jera filayen? In bulok-bulok aka yi, kowane bulok na da takin huɗu, sai kin sa bulok a lissafi kafin ki fitar da ragowa, in ba haka ba bambancin ƙasa zai shige cikinta. A wannan tsari ma madadin ANOVA mai amfani da jerin matsayi shi ne gwajin Friedman, ba Kruskal-Wallis ba.