'Yan ci-rani masu tarin fuka na ɓacewa ana tsakiyar magani, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Shawara ake nema.

Maganin tarin fuka wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna iri 4, sauran wata 4 kuma iri 2, wato rifampicin da isoniazid. Matsalar a wata na 2 zuwa na 3 take kunno kai. Tari ya lafa, ƙarfi ya dawo, sai ɗan ci-rani ya bi aiki wani gari. Ana ba shi takardar sauya asibiti, amma da wuya ta isa. Layin wayarsa ya mutu da ya tsallaka iyaka, ba shi da katin shaida, sunansa kuma kowane rajista da yadda aka rubuta shi. Wani ma tsoron jami'an shige da fice ke hana shi zuwa. In ya yi wata 2 a jere bai sha ba, a rajista ya zama wanda ya ɓace, ga haɗarin cutar ta daina jin magani.

To, maganin sati nawa ya dace a ba shi guzuri? Ba da na wata 4 gaba ɗaya babu mai sa ido, a ganina ganganci ne. Kuma da wace lamba kuke gane majinyaci ɗaya tsakanin asibitoci biyu, ba tare da bayanansa sun fita daga hannun ma'aikatan lafiya ba?