Idan miji ko mata na jinyar ciwon daji: abin da aka tattauna

An yi doguwar tattaunawa kan yadda mutum zai yi idan mijinsa ko matarsa na fama da ciwon daji, ga abin da na tsinta.

1. An haɗu a kan cewa kuka da fargaba tun mara lafiya yana raye ba rashin tawakkali ba ne. Wasu ma sun ce har fushi suka yi, daga baya kunya ta kama su.

2. Kada mai jinya ya rungumi komai shi kaɗai. Duk wanda ya ce "me zan yi?", a ba shi takamaiman aiki.

3. A riƙa rubuta tambayoyi kafin ganin likita. Maganin kemo (wanda ake bayarwa don kashe ƙwayoyin ciwon daji) yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, don haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 na gaggawa ne, ko da tsakar dare a tafi asibiti. Gashin da ya zube saboda kemo yakan dawo bayan an gama magani. Ciwon kuma ba a ɗaukarsa, a ci gaba da kwana ɗaki ɗaya.

4. Inda aka rabu: gaya wa mara lafiya gaskiyar halin da yake ciki. Wasu na ganin ɓoyewa tausayi ne, wasu suka ce jikinsa ne, yana da haƙƙin sani da shirya al'amuransa. Ni dai na fi karkata ga waɗanda suka ce a tambaye shi iya abin da yake son ji.

5. Kan maganin gargajiya ma an ja, amma kowa ya yarda likita ya san duk abin da ake sha.

6. Yara a yi musu bayani daidai shekarunsu.